Ƙwayar jijiya mai birki

ƙwayar jijiya mai birki (suna, mace, jam'i: ƙwayoyin jijiya masu birki)

1. A ilimin ƙwaƙwalwa, ƙwayar jijiya ce da ke rage kuzarin maƙwabtanta don kada su yi ta aika saƙo barkatai. A ɓawon ƙwaƙwalwa kusan ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin jijiya irin wannan ne.

2. Yadda take aiki: a mahaɗarta da wata ƙwaya akwai 'yar tsaga, a nan ne take sakin sinadarin GABA, wanda Eugene Roberts ya gano a ƙwaƙwalwa a Amurka a 1950. Sinadarin kan buɗe ƙofofi a jikin ƙwayar da ke karɓa, sai sinadarin kuloraid ya kwarara ciki, wutar lantarkinta ta lafa. Ta haka ake tsara lokacin tashin kowane saƙo da iyakar inda zai kai. A laka kuwa, sinadarin gilaisin ne ya fi yin wannan aikin.

3. A fannin likita: in ta yi rauni, ƙwayoyi kan tashi gaba ɗaya, abin da ke iya jawo farfaɗiya. Dafin cutar sarƙe-haƙora ma hana sakin GABA da gilaisin yake yi, tsokoki su sandare. Magungunan diazepam da phenobarbital ƙarfafa aikin GABA suke yi.

*Misali:* Ɗaliban likitanci na Jami'ar Jos kan karanta ƙwayoyin jijiya masu birki kafin su fara duba masu farfaɗiya a asibitin koyarwa da ke Lamingo.

*Kishiya:* ƙwayar jijiya mai zuga.

*Duba kuma:* farfaɗiya, laka.