Gulbi Bai San Iyaka Ba: Tarihin Ruwa da Gudummawa Tsakaninmu da Maƙwabta

 A wannan fitowa muna so mu waiwayi tarihin gulbinmu, domin a cikinsa akwai darasi game da taimako da zaman lafiya.

Kowa ya san ruwan da muke noma da shi baƙo ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Najeriya yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Ya bi ta Jibiya, ya shigo ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata, wadda aka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908, ta raba hukuma da haraji, amma ba ta raba ruwa ba. In an yi ruwa mai yawa a ƙasar Katsina, mu ne za mu gan shi cikin fadamunmu, bayanmu kuma Gobirawan Sabon Birni.

Babbar ambaliyar da dattawa ke tunawa ita ce ta 1945. A lokacin garin Maraɗi yana cikin kwari, inda Katsinawa suka zauna bayan jihadi. Ruwa ya ci gidajen ƙasa, har hukumar Nasara ta mai da gari bisa tudu, inda yake yanzu. Tibiri ma haka ya same ta. A zamanin nan babu ƙungiyoyin agaji irin na yau. Wanda rumbunsa ya tsira shi ke auna wa ɗan'uwansa hatsi, gini kuma da gayya ake yinsa. Wannan ita ce gudummawar da muka gada.

Bayan samun mulkin kai a 1960, irin wannan zumunci ya hau har bisa teburin shugabanni. Da yaƙin basasa ya tashi a Najeriya a 1967, Shugaba Diori Hamani ya tsaya bayan haɗin kan Najeriya, ko da yake Faransa ta karkata wajen Biyafara. A watan Yuli na 1968 aka yi zaman sulhu a Yamai ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Janar Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, kuma cikin manyan abubuwan da aka tattauna har da hanyar kai abinci ga masu fama da yunwa. Yaƙi bai ƙare ba sai 1970, amma Najeriya ba ta manta da wannan tsayawa ba. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa, mai mazauni a Yamai.

Sai ga fari na 1973. Hatsin taimako ya zo daga ƙasashen waje, amma ƙorafi ya yi yawa cewa ba ya kai wa ga talaka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce na gaba, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin hujjojin da suka bayar. Ke nan rabon taimako ba ƙaramin abu ba ne, yana iya tsai da gwamnati, yana iya kayar da ita.

Shekara goma bayan haka muka ga ɗaya fuskar. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Daminar 1984 kuwa ba ta yi ba. Gero da garin rogo da suka saba shigowa ta Ɗan Isa suka yi wuya, ƴan ci-rani suka rasa hanya. Shi ya sa har yau mutanenmu ke kiran wannan yunwa El-Buhari. Ba rufe iyaka ya hana ruwan sama ba, amma shi ya toshe ƙofar da mai yunwa ya saba bi.

A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar ruwa ta Jibiya. Tun daga nan zuwan gulbi ya sake: ruwan da yake malala ya jiƙa fadama ya ragu, kuma wani sashe na abin da ke iso mana ya koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa. Ranar 18 ga Yuli 1990, zamanin Janar Ali Saibu da Janar Babangida, aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, gulbinmu na ciki. Yarjejeniyar ta ce a riƙa musayar labarin ruwa, kuma kada ɗaya ya tashi wani babban aiki bisa gulbi bai shaida wa ɗan'uwansa ba. Takarda ce mai kyau, amma takarda ba ta aiki sai masu ita suna gaisawa.

A 2019 ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Kafin motocin ƙungiyoyi su iso, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka ba su masauki da tuwo. Da yawa dangi ne, an yi auratayya tun kaka da kakanni.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, har aka yi maganar yaƙi. Sarakuna da malamai suka yi ta zirga-zirga tsakanin Abuja da Yamai, Allah ya sa ba a harba harsashi ba. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris. Damina na faɗuwa sai ambaliya: a 2024 kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Komawar lakwal ma sai da aka ɗaga ta zuwa 28 ga Oktoba, domin wasu azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutane ne ke kwana ciki. A watan Satumba na wannan shekara ruwa ya ci Maiduguri. Masifa ɗaya, gida biyu. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, amma gulbi bai sake hanya ba.

Abin da muka fahimta shi ne, duk lokacin da ƙofa ke buɗe, wahala takan zo da sauƙi, in kuma an rufe ta, mu na bakin gulbi mu ke fara biya. Siyasar waje ta manya ce, amma muna da namu rabon. Muna roƙon ƴan ci-rani kada su jira sai bango ya faɗi. Kowa ya aiko da abin da ya samu, jika ɗaya ko tiya ɗaya, tun kafin ruwa ya sauka, a rubuta a karanta gaban jama'a. Muna roƙon iyayenmu masu gari su hana gini cikin hanyar ruwa, su kuma riƙe zumunci da takwarorinsu na Jibiya, domin labarin tahowar ruwa ya riƙa iso mana da wuri. In an zo rabo kuwa, kada a tambayi mai kuka takardar ƙasarsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da maƙwabtanmu. Wassalam.