Daga Askar Wanzami Zuwa Wuƙar Likita: Yadda Tiyata Ta Zama Karatun Bayan Digiri

A Ingila akwai wata al'ada mai ɗaure wa baƙo kai. Ɗalibi zai shafe shekara biyar ko shida yana karatun likita har a fara kiransa Dokta, sa'an nan ya ƙara wasu shekarun yana koyon fiɗa, amma ranar da ya ci jarrabawar kwalejin likitocin tiyata sai ya ajiye Dokta ya koma Mista, kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Wannan saura ce ta zamanin da mai fiɗa bai da alaƙa da jami'a, zamanin da shi da wanzami suke ƙungiya ɗaya.

A Turai ta ƙarnonin baya, likita mai digiri malami ne na littattafan Latin. Yakan duba launin fitsari, ya taɓa jijiyar hannu, ya rubuta magani, amma ba ya ɓata hannunsa da jini. Aikin wuƙa na masu aski ne, su ke tsaga jijiya su zubar da jini, su cire haƙori, su yi sakiya, su ɗinke rauni. Duk wanda ya san aikin wanzami a ƙasar Hausa, daga aski da ƙaho zuwa kaciya da cire beli, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sana'a ce da yaro ke koya a gaban maigidansa, da ido da hannu.

Matakin farko na sauya wannan hali ya zo ne a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan. Ranar 1 ga Yuli, 1505, majalisar gari ta ba wanzamai da masu fiɗa takardar amincewa da ƙungiyarsu, Sarki James na Huɗu kuma ya tabbatar da ita a shekarar da ta biyo. Sharuɗɗan takardar su ne abin lura. Ba za a ɗauki yaro koyon sana'a ba sai ya iya karatu da rubutu, kuma ba wanda zai zama maigida sai an jarraba shi an ga ya san ƙirar jikin mutum, gaɓa bayan gaɓa, da inda jijiyoyi suke. Domin a koyi wannan ilimi, majalisar ta yi alkawarin ba su gawa guda a kowace shekara, ta wanda aka zartar wa hukuncin kisa, su kuma su riƙa yi wa mamacin addu'a. Gawa ɗaya a shekara ba ta isa komai ba, amma ƙa'idar da aka kafa ran nan ita ce har yau take aiki: ba a damƙa wa mutum wuƙa sai ya ci jarrabawar ƙirar jiki. A Landan an bi sawu a 1540, lokacin Sarki Henry na Takwas, inda aka haɗe wanzamai da masu fiɗa cikin ƙungiya ɗaya aka ware musu gawa huɗu a shekara.

Shekara uku bayan haka, a 1543, Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da babban littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam. Kafin shi, malamai sun fi shekara dubu suna maimaita abin da Galen ya rubuta, alhali shi Galen birai da aladu ya fi feɗewa. Da Vesalius ya riƙe wuƙa da kansa, sai ya ga muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa. Gani ya kori ji. Daga nan darajar mai hannu a jikin gawa ta fara ɗagawa, masu fiɗa kuma suka fara jin zama da masu aski ya yi musu kaɗan. Na Landan sun ɓalle a 1745, ƙungiyarsu kuma ta zama kwaleji mai takardar sarki a 1800.

Mutumin da ya fi kowa mayar da fiɗa ilimi a wannan tsakani shi ne John Hunter, wanda ya rayu daga 1728 zuwa 1793. Ɗan ƙauye ne daga Sikotlan, karatunsa na boko bai yi nisa ba, ya fara ne da shirya gawawwaki a makarantar wansa William da ke Landan. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tsaya kan mutum kaɗai ba. Duk dabbar da ta faɗo hannunsa sai ya buɗe ta ya kwatanta, har ya tara samfura fiye da 13,000, waɗanda gwamnati ta saya bayan mutuwarsa ta damƙa wa masu fiɗa. A 1785 aka kawo masa wani mai tuƙa keken doki da jijiyar jininsa ta bayan gwiwa ta kumbura, cutar da sau da yawa takan kai ga yanke ƙafa. Hunter ya tsaga cinya, ya ɗaure jijiyar can sama inda take da lafiya, yana mai dogaro da cewa jini zai nemi ƙananan hanyoyi ya isa ƙafar, kuma haka aka yi. Shi ne kuma ya rubuta littafi kan haƙoran mutum a 1771, ya kuma kasance cikin waɗanda suka tsaya aka buɗe kwalejin likitocin dabbobi ta Landan a 1791. Wanda ke mamakin dalilin da ya sa likitan mutane da na haƙori da na dabbobi ke iya zama aji ɗaya a darasin ƙirar jiki, amsarsa tana cikin aikin wannan mutum. Ita makarantar likitan dabbobi kuwa Faransa ce ta riga kowa, domin Claude Bourgelat ya kafa ta farko a Lyon a 1761, a lokacin da annobar shanu ke share garkuna a Turai.

Sai dai wannan ilimi yana da kuɗin da talaka ne ya biya. Ɗalibai sun yi ta ƙaruwa, gawar da doka ta halatta kuwa ba ta wuce ta waɗanda aka rataye ba, ko bayan dokar 1752 da ta miƙa gawar masu kisan kai ga masu fiɗa. Sai wata sana'a ta ɓulla, ta masu tone kabari da dare su sayar wa malamai. Jama'a suka shiga gadin maƙabartu, masu hali suka riƙa kafa keji na ƙarfe a kan kaburburan ƴan'uwansu. Shi kansa Hunter bai tsira daga wannan tabo ba. A 1783 ya sa aka sace masa gawar Charles Byrne, wani dogon mutum ɗan Ailan da ya bar wasiyya a jefa shi a teku domin kada a feɗe shi, kuma ƙwarangwal ɗinsa ya shafe kusan shekara ɗari biyu a gidan tarihin kwalejin mutane na kallo.

Abin ya kai maƙura a Edinbara a 1828. William Burke da William Hare sun fara ne da sayar da gawar wani tsoho da ya mutu a gidan hayar Hare da bashi a kansa, makarantar Dokta Robert Knox ta biya su fam bakwai da sule goma. Da suka ɗanɗana kuɗin, sai suka daina jiran ajali. Cikin wata goma suka kashe mutum 16, akasarinsu matalauta da baƙi marasa mai nema, suna ba su giya su toshe musu numfashi domin kada a ga rauni. Da asiri ya tonu, Hare ya ba da shaida aka sake shi, aka rataye Burke ranar 28 ga Janairu, 1829, aka feɗe shi a bainar jama'a, ƙwarangwal ɗinsa kuma yana jami'ar Edinbara har yanzu. Knox, wanda ya sayi gawawwakin bai tambayi inda suka fito ba, ko kotu ba a kai shi ba. Majalisar dokoki ta amsa da dokar ƙirar jiki ta 1832, wadda ta ba makarantu gawar duk wanda ya mutu a asibiti ko gidan gajiyayyu ba a zo nemansa ba. An kashe kasuwar ɓarayin kabari, amma hukuncin da dā ake yi wa mai kisan kai sai ya koma kan wanda laifinsa kawai talauci ne.

Da gawa ta samu, sai koyarwa ta zurfafa. A 1843 kwalejin Landan ta ƙirƙiro wani matsayi sama da na memba, wanda ake taƙaitawa da haruffan FRCS, ba a samunsa sai da ƙarin shekarun horo da jarrabawa mai tsanani. Nan ne ainihin mafarin karatun tiyata na bayan shaidar farko, kuma ya zo a kan gaɓa. A 1846 wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna a Boston cewa ana iya sa mutum barci da maganin shaƙa a yi masa aiki bai ji ba, a 1867 kuma Joseph Lister ya bayyana yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Dā gwanin fiɗa shi ne mai sauri, mai yanke ƙafa cikin ƴan mintoci majinyaci na ihu. Yanzu ya sami damar shiga ciki da ƙirji a natse, wanda kuwa zai shiga ciki dole ya san kowace jijiya da maƙwabciyarta. A 1860 kwalejin ta fara ba likitocin haƙori tasu shaidar. A Amurka kuma William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins, daga 1889, tsarin da sabon likita ke zama cikin asibiti shekara da shekaru, ana ƙara masa nauyi mataki-mataki. Mace ta farko da ta sami FRCS ta Ingila, Eleanor Davies-Colley, sai a 1911.

Afirka ta Yamma ta shigo wannan tarihi ta ƙofa mai ƙunci. James Africanus Horton na Saliyo ya kammala digirin likita a Edinbara tun 1859, ya yi ta kira a kafa makarantar likita a yankin, ba a saurare shi ba. A 1902 ma sai hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta kafa rukunin likitocin Afirka ta Yamma wanda sai mai asalin Turai ke shigarsa. Faransa ta buɗe makarantar likita a Dakar a 1918, inda Félix Houphouët-Boigny ya kammala a 1925, Ingila kuma ta buɗe ta Yaba a 1930, amma dukkansu mataimaka suke yayewa, masu shaidar da ba ta aiki a Turai. Wanda ke son ƙwarewa a fiɗa sai ya ƙetare teku. Samuel Manuwa ya yi hakan, ya ci jarrabawar kwalejin Edinbara a 1938, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan matsayi.

Shi ne aka zaɓa shugaba na farko lokacin da likitocin fiɗa suka hallara a asibitin koyarwa na Ibadan a watan Disamba na 1960 suka kafa ƙungiyarsu ta Afirka ta Yamma, wadda Victor Ngu ɗan Kamaru yake cikin waɗanda suka assasa ta. Ƙungiyar ce ta rikiɗe ta zama Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, mai shirya jarrabawarta da kanta, har da sashen likitocin haƙori. Jarrabawarta ta farko, wadda ke tsayar da mutane da yawa a bakin ƙofa, ƙirar jiki ce da yadda gaɓoɓi ke aiki da yadda cuta ke lalata su, wato sharaɗin nan na 1505 cikin sabuwar riga. Nijeriya ta kafa tata kwalejin ƙwarewa ta ƙasa a 1979, Gana kuma a 2003.

Ƙasashe masu amfani da Faransanci sun bi wata hanya, suka bar ƙwarewa a hannun jami'o'i. A taron shugabannin ƙasashe da aka yi a Yamai a 1968 aka kafa majalisar ilimi mai zurfi ta CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance shaidun karatu da shirya gasar zama farfesa. A shekarar ce kuma aka kafa makarantar likitan dabbobi ta haɗin gwiwar ƙasashe a Dakar, inda Nijar, ƙasar makiyaya, ta daɗe tana tura ɗalibanta. Saboda wannan rabuwa, likitan fiɗa na Maraɗi da na Katsina, waɗanda majinyatansu ƴan gida ɗaya ne, suna riƙe da shaidu iri biyu cikin harsuna biyu.

Horon yana cin shekara biyar ko fiye bayan digiri, shi ya sa ƙwararru ba sa yawa, waɗanda aka samu kuma birane da ƙasashen waje ke janye su. Wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Nijar ta rage wa kanta wannan giɓi ta hanyar ba likitoci na gama-gari gajeren horo, domin su iya fiɗar haihuwa da ta ƙaba da sauran ayyukan gaggawa a asibitocin gundumomi.

Batun gawa kuwa bai gushe ba. A Ingila yau makarantu na dogara ne ga mutanen da suka rubuta da hannunsu, tun suna raye, cewa sun ba da jikinsu don koyarwa, kuma a 2023 kwalejin Landan ta sanar cewa ba za ta sake baje ƙasusuwan Charles Byrne ba. A Nijeriya dokar ƙirar jiki ta 1933, wadda aka gina kan ta 1832, ita ce ke cikin kundin dokoki, gawawwakin da ɗalibai ke koyo a kansu kuma akasari na waɗanda ba a zo nema ba ne a ɗakin ajiye gawa.