Kwangila ta Fi Rabon Kaya: Ƙaramar Hukuma da Ƙungiyoyin Gama Kai a Kongolam

Kongolam, da ke Ƙaramar Hukumar Mai'adua a masarautar Daura, gari ne da ke ci daga bakin iyaka. Duk motar da ta taso daga Kano ta bi Kazaure da Daura za ta Matamaye ko Damagaram, nan take yada zango. Masu yi mata hidima kuwa, wato 'yan dako da masu tura kura da 'yan acaɓa, mafi yawansu ba su mallaki abin sana'arsu ba. Ɗan acaɓa zai yini cikin ƙura, da magariba ya fara ware balas na mai babur, sannan ya duba ko abin da ya saura zai kai kwanon gero. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka kuma sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, su ne suka fara jin jiki, domin ba su da jari ba su da ajiya.

Hujjata a nan ita ce, ƙaramar hukuma za ta fi amfanar waɗannan mutane idan ta zama mai ba ƙungiyoyinsu aiki, maimakon mai raba musu kaya a bikin tallafi. Ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ita ce wadda masu aikin ne suka mallake ta, kowa da ƙuri'a ɗaya, riba kuma gwargwadon gumi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka tashi cikin gayya da adashi. Abin da babu shi ne rajista, da littafin lissafi, da kasuwa tabbatacciya.

Ikon yin haka yana hannu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwashe shara, har da lasisin kura da baro. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Me zai hana a ba ƙungiyar 'yan dako kwangilar lodi da saukale a tasha, ta masu kura kuma sharar kasuwar Mai'adua bayan cin kasuwa, a kuma haɗa musu da rumfa da ma'aji mai horo? A jihar Kerala ta Indiya, leburori sun kafa ƙungiyar Uralungal a 1925, kuma aikin hanyoyi na hukuma ne ya raine ta har ta zama babban kamfanin gine-gine mallakar ma'aikatansa.

Za a ce, kuma da gaskiya, 'yan siyasa za su kafa ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka su cinye kwangilar. Darasin yana tsallaken iyaka. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa hukumar UNCC don shirya manoma cikin ƙungiyoyi, amma da yake daga sama aka ƙaƙaba, manoma da yawa sun ɗauke ta kayan gwamnati, ba nasu ba. Saboda haka kada hukuma ta naɗa shugaba, kada ta zaɓi mambobi. Sharuɗɗanta su tsaya ga uku: rajista a ofishin gama kai na jiha, zaɓe a fili, da karanta lissafi da Hausa gaban kowa duk shekara. Mai unguwa da sarkin tasha sun san wanda ke dako da wanda sunansa kawai ke takarda, shaidarsu ta isa a tace jerin mambobi.

Ina kira ga majalisar Ƙaramar Hukumar Mai'adua da ta fara da kwangila ɗaya ta shekara ɗaya a tashar Kongolam, ta liƙa sharuɗɗanta a bango inda kowane ɗan dako zai gani.