Daga kakaki zuwa lambar jaka: aikin ƙasa a filin jirgin Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Babu hasumiya, babu titin kwalta, a filin sukuwa suka dira. A 1936 aka fara zirga-zirga sosai, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Kano ta zama zangon jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi a tura Masar. Hotunan shekarun 1950 suna nuna wani bawan Allah bisa raƙumi yana busa kakaki idan jirgi ya doso, don jama'a su san ga shi nan tafe.

An fi son ba da labarin matuƙa, amma jirgi ba ya ɗagawa sai mutanen ƙasa sun gama nasu: masu jawo matakala, masu lodi, masu shayar da mai, da mai lissafin nauyi. Wannan na ƙarshe shi ne ba a cika gani ba. Da fensir da takarda yake raba nauyin fasinja da kaya da mai tsakanin goshin jirgi da wutsiyarsa, ya kai wa matuƙi ya sa hannu. In ya yi kuskure, nauyi ya rinjaya baya, to ana iya samun matsala tun wajen tashi. Yau kwamfuta ce ke wannan lissafi, tana karɓar nauyin jakunkuna daga sikelin kanta.

A 1979 aka kafa NAHCO don ɗaukar aikin ƙasa a Najeriya. SAHCO kuwa, mai irin wannan aiki, daga cikin Nigeria Airways ya fito, kamfanin Sifax ya saye shi a 2009. Sai dai sauyin na'ura daga waje ya zo. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina bayar da tikitin takarda daga 1 ga Yuni 2008. A Yuni 2018 ƙudurinta mai lamba 753 ya fara aiki, wanda ya wajabta a san inda jaka take a wurare huɗu: lokacin karɓarta, lokacin loda ta, wajen canjin jirgi, da lokacin miƙa ta ga mai ita.

A ganina babu wanda wannan ƙuduri ya fi yi wa rana kamar alhaji. Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhazai ya san tsibin jakunkuna iri ɗaya, launi ɗaya, kowacce da suna da jiha an rangaɗa da fenti ko alƙalami, wata an ɗaura mata ƙyallen atamfa a hannu don shaida. Ɗan birni zai iya yin sintiri filin jirgi har tasa ta fito. Dattijon da ya taso daga Ibohamane a gundumar Keita ta Nijar, wanda tsakaninsa da filin jirgin Yamai ya haura kilomita 500, ba shi da wannan hali. In jakarsa ta ɓace, tsarabar jikoki da dabinon maƙwabta sun tafi kenan. Yanzu takardar da ake liƙa wa jaka tana ɗauke da lamba mai alƙaluma goma, kuma akwai rumbun WorldTracer da kamfanoni ke cigiyar kaya a cikinsa.

Amma lambar ba ta da amfani sai ma'aikaci ya haska ta da na'urarsa a kowane zango, cikin zafin rana da ƙurar hunturu. In wuta ta ɗauke ko intanet ya tsinke, biro ake komawa. Ga kuma ɗan guntun da ake manna wa fasinja a bayan takardar shiga jirgi, wanda da yawa ke yarwa don ba a faɗa musu darajarsa ba. Ya kamata malaman bita su riƙa nuna wa maniyyata shi, su ce a adana shi tare da fasfo har jaka ta shigo hannu.