Hukuncin Hana Mutum Aure Saboda Asalinsa ko Sana'ar Gidansu

TAMBAYA:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni budurwa ce, wani saurayi ya fito neman aurena, mai addini ne, yana da abin yi, kuma ina son sa. Da aka yi bincike sai mahaifina ya ce ba zai ba shi ni ba, wai gidansu gidan wanzamai ne. Shin wannan dalili ne a shari'a? Kuma me ya kamata in yi?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ki sani, 'yata, raina Musulmi saboda ƙabilarsa ko launin fatarsa ko sana'ar iyayensa haramun ne, kuma yana cikin halayen jahiliyya. A Suratul Hujurat, aya ta 13, Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa ya halicci mutane daga namiji da mace, ya sanya su dangogi da ƙabilu domin su san juna, kuma mafificinsu a wurinsa shi ne wanda ya fi taƙawa. A aya ta 11 kuma ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (RA) ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, sai Annabi (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi.

Game da aure, abin da malamai ke magana a kai shi ne kafa'a, wato dacewar miji da mace. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce aka fi bi a ƙasarmu, kafa'a abu biyu ce: addini, wato kada mijin ya zama fasiƙi, da kuma kuɓuta daga aibobin da ke bai wa mace zaɓin raba aure, kamar hauka da kuturta. Haka Shehu Khalil ya kawo a Mukhtasar, har ya bayyana cewa 'yantaccen bawa da wanda ba sharifi ba da mai ƙarancin matsayi duk sun dace da mace. Hanafiyya da Shafi'iyya sun lissafa nasaba da sana'a cikin kafa'a, amma ko a wurinsu haƙƙi ne na mace da waliyyinta, in sun yafe shi aure ya inganta.

Abin da ya gudana a zamanin Annabi (SAW) yana ƙarfafa maganar Malikiyya:

1. Ya aurar da Zainab 'yar Jahsh, ɗiyar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, wanda 'yantaccen bawa ne.

2. Faɗimatu 'yar Ƙais, Baƙuraishiya, ta gaya masa cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, sai ya umarce ta ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Muslim ne ya ruwaito.

3. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan uwansa, Hindu 'yar Walid, ga Salim, 'yantaccen bawa, kamar yadda ya zo a Bukhari.

4. Wanda ya fi kusa da tambayarki: Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Banu Bayada su bai wa Abu Hindu aure, su kuma nemi aure a gidansa, alhali Abu Hindu mai yin ƙaho ne.

Wani zai iya kawo hadisin Muslim da ya kushe kuɗin da mai ƙaho ke samu. Jamhurin malamai sun ɗauke shi a kan karhanci kawai, domin an yi wa Annabi (SAW) ƙaho ya biya ladan aikin, kuma Ibnu Abbas ya kafa hujja da cewa da haramun ne da bai biya ba. Sannan hadisin yana magana ne a kan kuɗin aiki, bai taɓa nasabar mutum ko ta 'ya'yansa ba. Haka ma ƙira da fawa da jima da saƙa, duk sana'o'i ne na halal da al'umma ba ta wadatuwa daga gare su. Annabi Dawuda (AS) da hannunsa yake ƙera sulke, Annabi Zakariyya (AS) kuma kafinta ne.

Saboda haka dalilin da mahaifinki ya kawo ba aibi ba ne a shari'a. Tirmizi ya ruwaito umarnin a aurar wa wanda aka yarda da addininsa da halinsa, tare da gargaɗin cewa rashin yin haka yana jawo fitina da ɓarna a bayan ƙasa.

Sai dai ki kiyaye abu uku. Na farko, aure ba ya inganta sai da waliyyi, don haka kada ki yarda a ɗaura a ɓoye. Na biyu, kuskuren mahaifinki bai halatta miki ɗaga masa murya ko ƙaurace masa ba. Ki bi ta hannun mahaifiyarki, ko baffanki, ko limamin unguwarku, su zauna da shi cikin mutunci su karanta masa waɗannan dalilai. Ta yiwu yana da wani dalili da bai faɗa ba, sai a saurare shi. Na uku, Malikiyya ba su ɗaukar uban budurwa a matsayin mai hana aure bisa zalunci don ya mayar da manemi ɗaya, sai in cutarwa ta tabbata. In ta tabbata, alƙali ne zai umarce shi ya aurar, in ya ƙi alƙali ya aurar. Wannan shi ne mataki na ƙarshe, bayan an gwada sulhu.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah game da 'ya'yanku. Ku binciki sallar manemi da gaskiyarsa da lafiyarsa da inda yake samun abinci. Wanda kuka yarda ku tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu, kada ku ƙi shi saboda zabirar kakansa.

Ki yawaita istihara da addu'a. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Allah ne mafi sani.