Giwa da Mai Kiwonta: Darasin Tarihi ga Ƙasar Zamfara

Babu dabbar dawa da Bahaushe ya girmama a bakinsa kamar giwa. Da ita ake yi wa sarki kirari, a ce masa toron giwa, da ita kuma ake karin magana, a ce giwa a garin wani zomo ce. Kowane almajiri ya san labarin Abrahata da rundunarsa, wanda ya sa aka kira shekarar haihuwar Annabi (SAW) Shekarar Giwa. Amma duk da wannan girma, Bahaushe bai taɓa ɗaura mata igiya ya mai da ita dabbar gida ba. Ya hore doki da raƙumi da takarkari, gardi ya sa wa kura takunkumi ya zaga da ita kasuwa, ita kuwa giwa sai maharbi ne ya san ta, shi ma da sango mai dafi ya san ta.

Dalilin wannan na tattalin arziki ne, domin jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ɗanta ba ya isa aiki mai nauyi sai ya haura shekara 10, babba kuwa yakan ci ganye da ciyawa wajen kilo 150 a rana. A ƙasar da rani ke cinye fiye da rabin shekara, irin ta Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wanda zai ciyar da giwa ɗaya ya fi riba ya ciyar da dawaki da jakuna masu yawa. Haurenta kuwa kuɗi ne a hannu, domin a ƙarni na 19 fatake suna kai shi Kano, ayari kuma ya ƙetara da shi hamada zuwa Tarabulus. Watau a wancan zamani matacciyar giwa ta fi rayayya daraja.

An daɗe ana cewa giwar Afirka ba ta horuwa, sai ta Indiya. Tarihi ya ƙaryata wannan zance. A farkon ƙarni na 20 Turawan Beljiyam suka kafa sansanin horon giwa a Api, cikin ƙasar Kwango, daga baya a 1927 aka buɗe wani a Gangala-na-Bodio. Yawancin masu kiwon 'yan ƙabilar Zande ne, giwayen kuwa sun ja garma sun ja itatuwa. Sai dai hanyar samunsu ba mai daɗin ji ba ce: da igiya da ƙarar bindiga ake raba ɗan giwa da garkensu, sa'an nan a ɗaure shi har ya saduda.

Misalin shaƙuwa da ya fi shahara shi ne na Jambo, toron da aka kama yana ƙarami a yankin Sudan. An kai shi gidan dabbobi na Landan a 1865 yana fama da ciwo, wani ma'aikaci mai suna Matthew Scott ya yi jinyarsa har ya warke. Daga nan ba ya jin maganar kowa sai tasa, yara kuma suka yi ta hawansa don nishaɗi. Da aka sayar da shi ga Barnum, mai wasan dabbobi na Amurka, a 1882, tilas aka haɗa da Scott. Suna tare har 1885, lokacin da jirgin ƙasa ya banke Jambo a Kanada. Shekara 20 ke nan, mutum ɗaya da dabba ɗaya.

Wannan shaƙuwa gaskiya ce, amma tushenta abin dubawa ne. Giwa dabbar dangi ce, tsohuwar mace ke jan garke, ɗa kuma ba ya nisa da uwarsa shekaru da yawa. In aka raba shi da su, sai ya ɗora ƙaunar nan a kan wanda ke ba shi abinci yana kwana kusa da shi. Daphne Sheldrick, wadda ta yi suna wajen renon marayun giwaye a Kenya, ta ga illar haka: wata 'yar giwa da ta saba da ita kaɗai ta daina cin abinci ta mutu sa'ad da ta yi 'yar tafiya. Saboda haka a gidan marayun da ta kafa ake juya masu reno, don kada maraya ya rataya ga mutum guda, kuma manufar ita ce a mai da shi dawa.

Yawon buɗe ido ya ƙara wa al'amarin wani nauyi. Da ƙasar Tailan ta hana saran itace a dazuzzukanta a 1989, giwaye da masu kiwonsu suka rasa aiki, da yawa suka koma ɗaukar baƙi. A da, ɗa kan gaji giwar ubansa ya tsufa tare da ita. A sansanonin kasuwanci kuwa sau da yawa ɗan ƙwadago ake ɗauka, wanda bai san halinta ba, sai ya dogara da ƙugiya da sarƙa. Botswana, wadda ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, ta hana hawansu a ƙarshen 2016.

A Zamfara matsalar daban ce: giwar ce ta ɓace. Bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau, gonakin gyaɗa da auduga suka yi ta cin daji, namun dawa suka ja kudu zuwa dajin Kuyambana, wanda ke maƙwabtaka da Kamuku ta Birnin Gwari. A da garken giwaye kan yi kai da kawo tsakanin dazuzzukan biyu. A 'yan shekarun nan kuwa dajin ya yi suna ne da 'yan bindiga. Mai son ganin giwa a Arewa yanzu Yankari ta Bauchi yake nufa, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma giwayenta ba mai hawansu, daga nesa ake kallonsu.

Darasin da ma'aikacin gwamnati zai ɗauka a nan shi ne, jihar da aka ƙirƙiro a 1996 ba ta bukatar sayo giwa ta ɗaure a gidan kallo. Abin da take bukata shi ne zaman lafiya a dajinta, da iyakar da noma ba zai ƙetare ba, da masu gadin daji waɗanda ake biya a kan kari. Ɗalibi kuma yana da aikin gaggawa: tsofaffin maharba na ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe da Ɗansadau suna riƙe da sanin sawu da mashaya da sunayen wurare, kuma suna ƙarewa. In aka rubuta abin da suka sani, aka sa 'ya'yansu aikin gadi, Zamfara za ta sami nata masu kula da giwa ba tare da sarƙa ba.