Asalin Hutun Cin Abinci a Dokar Ƙwadago

Kafin zamanin injuna, manomi da masaƙi da maƙeri galibi su ne ke hukunta wa kansu lokacin da za su ajiye aiki su ci abinci su yi ƙailula, ba tare da neman izinin kowa ba. Al'amarin ya sauya ne sa'ad da masaƙun auduga suka bunƙasa a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, domin inji ba ya gajiya, mai masaƙa kuwa yana ganin duk mintin da injin ya tsaya hasara ce gare shi, har ya zamana yara ƙanana suna cin abinci a tsaye, ƙurar auduga tana zuba a cikin kwanonsu.

Majalisar Ingila ta fara sa baki a al'amarin masaƙu a 1802, da dokar da ta ƙayyade wa yara masu koyon sana'a sa'a 12 a yini, ban da lokacin cin abinci; amma da yake ba a naɗa ma'aikatan hukuma masu bin sawunta ba, sai ta zama magana a takarda kawai. Dokar 1833 ce ta gyara wannan naƙasu, inda ta wajabta wa yara da matasa hutun sa'a ɗaya da rabi domin abinci, ta kuma naɗa sufetoci 4. Su ne suka bankaɗo hilar masu masaƙu, waɗanda ke taɓa agogo su ci mintoci, ko su rarraba hutun ta yadda ba mai iya shaida wanda ya huta da wanda bai huta ba. Saboda haka dokar 1844, wadda ta haɗa da mata, ta shar'anta cewa a ci abinci lokaci guda, a kuma riƙa ƙidayar sa'o'i da agogon jama'a wanda sufeto ya yarda da shi.

Daga nan maganar ta watsu duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da sa'a 8 a yini a 1919, da hutun yini guda a mako a 1921. Nijeriya ma, a Dokar Ƙwadago ta 1974, ta hukunta cewa wanda ke aiki sa'a 6 ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da jimlarsa ba ta gaza sa'a ɗaya ba, ko da yake ma'anar ma'aikaci a dokar ba ta game masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba.

Har yanzu jayayyar ba ta ƙare ba. Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ta 1938 ba ta wajabta hutun abinci ba, an bar wa jihohi. A 2023 kuwa jihar Texas ta yi dokar da ta rinjayi ƙa'idar biranen Austin da Dallas, wadda ta ba magina hutun minti 10 a kowace sa'a 4, alhali zafin rana a can yana hallaka mutane. Lalle duk majalisar da ke nufin gyara irin wannan doka, wajibi ne ta fayyace tsawon hutun, da wanda ya cancanta, da kuma wanda zai shiga ma'aikata ya tabbatar an bayar.